Ko Kun Sani? Yawancin Ƙumar Kyanwa Ba a Jikinta Take Zama Ba

Idan kyanwa ta dami kanta da susa, a kanta ake huce haushi, alhali ƙumar da ake gani a jikinta kaɗan ce cikin abin da ke gidan. Macen ƙuma kan saka ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake a tabarma, kafet da tsagar siminti, ya ƙyanƙyashe can. Shi ya sa a gidajen haya na unguwanni irin su Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, inda kyanwa ɗaya ke zaga ɗakuna da yawa, wanka kaɗai ba ya maganin ƙumar, musamman da damina, lokacin da laima ke raya tsutsarta.

Wani zai ce a kori kyanwar a huta. Ai ƙumar da ke kwance cikin ƙwansonta kan yi watanni tana jira, kuma in ta fito ba ta tarar da kyanwa ba, ƙafafun yara za ta koma wa, ga ɓeraye sun samu sake. Wani kuma zai ɗauko Sniper ko fiya-fiya, wanda guba ce ga dabba da mutum. Tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper. Haka maganin ƙumar kare mai sinadarin fametirin, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, yana iya kashe ta. A nemi maganin ɗigawa a ƙeyar kyanwa wajen likitan dabbobi, a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako, a share lungu-lungu har wata 3.