Ƙofa ta Takwas Ba Ta Cin Lokacin ta Farko

A ce an kawo wa mai walda a Garu, cikin ƙaramar hukumar Illela, kwangilar ƙofofin ƙarfe takwas iri ɗaya. Ta farko ta ci masa awa 10, tsakanin gwaji da yanka da gyaran kuskure. Yawanci sai ya ninka goma sau takwas, ya yanka farashi a kan awa 80. Nan wani zai ƙwace masa aikin, domin ƙofa ta takwas ba ta cin lokacin ta farko.

Injiniyan Amurka T. P. Wright ne ya fito da lissafin wannan a fili a 1936, bayan ya nazarci ƙera jiragen sama. Ya ga duk lokacin da jimillar abin da aka ƙera ta ninka, matsakaicin aikin da kowane ɗaya ke ci yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100. Akantoci sun ɗauke shi suna kintacen kuɗin kaya tun kafin a hura wuta. Idan hannun mai waldan nan na faɗawa haka, ƙofa biyu za su tashi a awa 8 kowace, huɗu a 6.4, takwas a 5.12. Jimilla kusan awa 41 ke nan, kusan rabin abin da ya zata. Ya riga ya yanke ma'auni, yaransa sun san inda za su riƙe, janareta ma ya sha mai kaɗan.

Sai dai kada a ruɗu. Abin da ke sauka lokacin aiki ne. Ƙarfe da fenti ba su san an ƙware ba, balle a bakin iyaka inda ɗan kwangilar Birnin Ƙonni ke biya da sefa, kai kuma kana sayo kaya da naira. Kashi 20 ɗin ma na jirgin sama ne. Kowane shago sai ya rubuta awanninsa ya gano nasa, kuma 'yan kaɗan ne ke da littafin.

Abin da aka fi mantawa, a ganina, shi ne hannu na sanyi. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Shagon da odarsa ta tsaya, yaransa suka watse zuwa acaɓa, in ya dawo da sababbin yara, sai ya yi lissafi kusa da awa 10.