Kaya Sun Ɓata a Hanya: Wa Zai Mayar da Kuɗin?

A bara wata ƙungiyar mata masu ɗinki da muke aiki tare da su ta haɗa kuɗin adashe, ta sayi ƙaramin injin saƙa ta intanet daga ƙasar Sin. Aka ce zai iso cikin mako shida. Wata uku suka wuce, babu inji, babu labari. Ma'ajiyar ƙungiyar ta yi ta sintiri zuwa gidan waya, har waɗansu mata suka fara gunaguni cewa ita ce ta cinye kuɗin. Wannan zargi ya fi ɓatan injin damunmu, gama ya kusa wargaza ƙungiyar.

Kuskuren farko da muka yi tare da su shi ne bin gidan waya. Wanda ya sayar mana da kaya shi ne muka yi ciniki da shi, shi ne kuma ya miƙa kayan ga gidan waya ya karɓi rasit. A ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda NIPOST ke cikinta, ana karɓar neman binciken kayan da suka ɓata cikin wata 6 daga lokacin da aka aika su, kuma mai aikawa ne ke da hakkin diyya. Ƙananan kayan da aka aika a matsayin wasiƙa ba rajista ba su da diyya ko kaɗan. Saboda haka mai sayarwa ne zai bi gidan waya. Namu shi ne mu bi mai sayarwa.

Kafin mu yi masa magana, mu duba lambar bin sawun kaya. Ta ƙasa da ƙasa tana da harufa biyu a gaba, lambobi 9 a tsakiya, da harufa biyu na ƙasar da aka aiko, kamar CN na ƙasar Sin. Wani lokaci kayan ba su ɓata ba, suna zaune ne a hannun kwastan ko a ofishin gidan waya na birni suna jiran mai su. Idan kuwa lambar ta tsaya wuri ɗaya har ranar alkawari ta wuce, sai mu rubuta wa mai sayarwa a cikin shafin da muka yi sayayyar. Kada mu yarda ya ja mu zuwa WhatsApp, domin kamfanin ba ya ganin abin da aka faɗa a can.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa tarko. Manyan kasuwannin intanet suna da wa'adin shigar da ƙorafi, kuma waɗansunsu suna riƙe kuɗin har sai mai saye ya tabbatar kaya sun iso. Mai sayarwa ya san wannan sarai. Zai yi ta ba mu haƙuri da daɗin baki, yana cewa mu ƙara jira mako biyu, har wa'adin ya cika. Wani ma zai roƙe mu mu danna cewa mun karɓa, wai domin ya sake aiko da wasu. Idan muka danna, an sakar masa kuɗi ke nan. Matan nan saura kwana kaɗan wa'adinsu ya ƙare sa'ad da muka shigar da ƙorafin, tare da hoton rasit da na lambar da ta tsaya. Kuɗinsu ya dawo, ko da yake ba da sauri ba.

Idan kamfanin ya ƙi, yadda muka biya shi ne zai nuna ko akwai sauran hanya. Wanda ya biya da katin Visa ko Mastercard yana iya rubuta wa bankinsa cewa bai karɓi kaya ba, ya nemi a janyo kuɗin. Wa'adin wannan yakan kai kimanin kwana 120. Banki ya yi shiru, sai a kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Ga 'yan kasuwan cikin gida kuwa akwai hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa domin kare hakkin masu saye, kuma tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet.

Abin da ya fi wuya shi ne wanda ya fi yawa a ƙauyukanmu. Mutum ya ga takalmi ko fitilar sola a Facebook, ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wanda bai taɓa gani ba, aka ce za a sa masa a mota daga Legas ko Aba. Banki ba ya janyo irin wannan kuɗi haka kawai, tun da mai asusun ne ya tura da hannunsa. Dole a kai rahoto banki nan da nan, a kuma je wurin 'yan sanda da sunan asusun da lambarsa. A irin wannan ciniki muna ba ƙungiyoyinmu shawara su nemi rasit na tasha da lambar direba kafin mota ta tashi, ko kuwa su zaɓi biya bayan kaya sun iso. Kowane rasit kuma a ajiye shi a littafin ƙungiya, inda kowace mamba za ta iya gani.