Ajiya Mai Shaida: Yadda Za Mu Adana Abin Da Muka Gani A Intanet

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin rijiya a ƙasar Ngelbeli da rani ya ga abin mamaki. Shanu da raƙuma da tumaki na mutane dabam-dabam, duk sun cakuɗe suna jiran ruwa. Amma in an gama shayarwa kowa sai ya kora nasa, ba gardama. Me ya sa? Ai kowace dabba da shaidarta. Wata an tsaga mata kunne, wata an yi mata lalas a cinya ko a wuya. Makiyayi ko bai shiga lakwal ba, yana karanta shaida tun daga nesa.

In ka gangara kudu zuwa Diffa, a bakin Komadugu, haka abin yake a kasuwar tattasai. Buhuna jibge, duk kamarsu ɗaya. Mai hankali yakan sa wa nasa suna ko wani zane, don kada su ɓace cikin na jama'a.

To, yau akwai wata dukiya da muke tarawa ba tare da shaida ba. Ita ce abin da muke gani a cikin salula.

Mene ne adireshi?

Kowane shafi na intanet yana da adireshinsa. Shi ne dogon rubutun nan shuɗi da ake aiko maka, wanda yakan fara da www ko https. In ka taɓa shi, sai shafin ya buɗe. Amma a lura: adireshi ba shi ne shafin ba. Kwatance ne kawai, kamar a ce maka gidan wane yana bayan masallaci. In mai gidan ya tashi, kwatancen ya zama banza.

Akwai adireshi masu amfani ƙwarai ga mutanenmu. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, wato RECA, tana da takardu masu yawa a kan noman tattasai na Diffa da cututtukansa. Akwai ɗakin karatu na intanet mai suna Duddal, inda aka tara takardun noma da kiwo na Nijar. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Yawancinsu da Faransanci ne, amma ba a rasa ɗan makaranta a gari da zai fassara.

A ce ɗanka ya aiko maka da adireshin wata takarda a kan tsutsar tattasai. Ka ce madalla, za ka duba. Bayan wata uku tsutsa ta faɗa wa gona. Ka ɗauki salula ka shiga nema. Ga gaisuwar Juma'a, ga hotunan suna, ga muryoyi ba iyaka. Ka murza, ka murza, har batir ya mutu, ba ka same ta ba. Ka ga kenan, tarawa dabam, ajiya dabam. Ajiya ta gaskiya aiki uku take so.

Aiki na farko: a ajiye wuri guda

Mace mai tsari ba ta zuba gishiri a ɗaki uku. Kai ma zaɓi wuri ɗaya. In kana buɗe shafuka da Chrome, akwai ɗan tauraro a sama. In ka taɓa shi, ya ajiye maka adireshin. A WhatsApp ma ana sa wa saƙo tauraro. Kana kuma iya aika wa kanka saƙo a lambarka, wurin ya zama rumbunka, ba mai zuba komi sai kai. Wanda ka zaɓa duk daidai ne, in dai ba ka rarraba ba.

Aiki na biyu: a sa laƙabi

Laƙabi shi ne shaidar. Kalma ce guda da kake rubutawa kusa da adireshi, wadda take faɗin abin da ke ciki. In ka tashi nema, sai ka taɓa alamar bincike, ka rubuta kalmar, duk abin da ke ɗauke da ita ya fito.

Ga inda laƙabi ya fi aljihu. Abin da ka sa a aljihun dama, ba ya cikin na hagu. Amma adireshi ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi uku ko huɗu. Takardar nan ta ɗazu, sai ka sa mata: tattasai, tsutsa, magani. Ran da ka nemi "tattasai" za ta fito. Ran da tsutsa ta kama tumatir ka nemi "tsutsa", za ta sake fitowa.

Waɗansu suna sa wata alama gaban laƙabi, mai kama da gidan dara, kamar haka: #tattasai. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar yin haka a Twitter a shekarar 2007, duniya ta ɗauka. Amfaninta shi ne ta raba laƙabi da sauran hira.

Sai dai fa na'ura ba ta da hankali, abin da ka rubuta shi take nema. In yau ka rubuta "tattasai", gobe "tattase", jibi ka sa sunansa na Faransanci ko na Barbarci, ka raba garkenka uku. Ga kuma rigimar haruffa masu lanƙwasa. Salula da yawa ba a saita musu ƙ da ɗ da ɓ ba. Mutum ya so rubuta "ƙwari", sai ya rubuta "kwari". To, ƙwarin gona yake nufi ko kwarin Komadugu? Gara a zaɓi kalmar da ba ta da ruɗani.

Kada laƙabi ya yi yawa. Goma zuwa goma sha biyar sun ishi mutum. Makiyayi yana iya farawa da waɗannan: rigakafi, ciyawa, rijiya, kasuwa, dusa, damina. Manomin bakin kogi kuma: tattasai, albasa, shinkafa, taki, iri, ambaliya. Kada ka sa laƙabi irin "mai kyau" ko "muhimmi". Duk abin da ka ajiye ai don ka ga muhimmi ne, kalmar ba ta rarrabe komi.

Aiki na uku: rubutun gefe

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A ƙetaren Komadugu, cikin Nijeriya, ba nisa da Gaidam, akwai kufan Birnin Gazargamu, babban birnin Barno na da, wanda ya faɗi a shekarar 1808. Har yanzu akwai Alƙur'anai rubutun hannu na ƙasar Barno, waɗansu tun ƙarni na 17. In ka duba su za ka ga ƙananan rubutu tsakanin layuka da kuma a gefen takarda. Malamai ne suka rubuta ma'anar kalmomi da tsohon harshen Kanembu, suka ƙara sharhi da Larabci. Sun yi haka don kada su manta, kuma don almajirin da zai zo bayansu ya samu hanya. Yau shekara sama da 300, masana suna karanta wannan rubutun gefe suna ƙaruwa.

Mu ma sai mu yi koyi. Ƙarƙashin kowane adireshi a rubuta layi biyu da za su amsa tambaya huɗu: Mene ne a ciki? Wa ya fitar da shi? Na wace shekara ne? Mun gwada ko ba mu gwada ba? Ga misali:

"#tattasai #tsutsa. Takardar RECA, da hotunan tsutsar. Faransanci ce, sai an fassara. Ba mu gwada ba tukuna."

Maganar shekara ita ce babba. Komadugu ta yi ambaliya a Diffa a 2019, ta sake yi a 2022. Hotunan waɗannan shekaru suna nan cikin salular mutane. Wani yana iya sake aikawa da su yau, jama'a su firgita su ce ruwa ya taso, alhali tsohon labari ne. Haka farashin rago na bara yana iya sa mutum ya yi asara a kasuwar bana. Wanda ya rubuta shekara a gefe, ba a ruɗinsa.

Ajiyar taro

Abin da mutum ɗaya ya ajiye, shi kaɗai yake amfana. Shi ya sa aka ƙirƙiro rumbunan taro a intanet. A shekarar 2003 wani mutumin Amurka, Joshua Schachter, ya buɗe wani shafi mai suna Delicious. Kowa yana zuba adireshin da ya gani, ya sa masa laƙabin da ya ga dama, sauran jama'a kuma suna gani. In ka taɓa laƙabi guda, sai ka ga abin da dubban mutane suka ajiye a kansa. Ba wani shugaba da ya tsara musu kalmomi. A hankali kalmar da aka fi amfani da ita ta rinjayi sauran, kamar yadda sawun dabbobi yake zama burtali.

Bayansa waɗansu sun biyo. Diigo, wanda aka buɗe a 2006, yana barin mutum ya ja layi mai launi a kan jimlar da ta burge shi cikin shafi, ya manna ɗan bayani a wurin, ƴan ƙungiyarsa su gani. Akwai kuma Raindrop. Waɗannan suna bukatar adireshin imel, da rezo mai ƙarfi, da ɗan sanin harshen Turawa. Malaman makaranta da ɗaliban jami'ar Diffa da ma'aikatan gona suna iya moran su.

Mu na ƙauye fa? Dabarar ce abin ɗauka, ba sai da na'urar ba. Ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko ajinmu na yaƙi da jahilci, muna iya buɗe zaure biyu a WhatsApp. Ɗaya na hira da gaisuwa. Ɗayan na ajiya kawai, ba a zuba komi sai adireshi da laƙabinsa da rubutun gefensa. A zauna a yarda da jerin laƙabi, a rubuta shi a allo kowa ya kwafa. A zaɓi mutum ɗaya ya zama ma'aji, kamar yadda ake zaɓen ma'ajin kuɗi. Shi zai gyara laƙabin da aka rubuta ba daidai ba, kuma ƙarshen wata ya share abin da ya tsufa. Wanda bai iya rubutu sosai ba tukuna, ya yi bayaninsa da murya, ma'aji ya rubuta laƙabi a ƙasa. Ba a binciken murya da kalma, rubutu ake bincike.

Abin da za a kiyaye

Na farko, rumbun aro ba naka ba ne. Delicious ɗin nan, kamfanin Yahoo ya saye shi a 2005, daga baya ya yi ta sauya hannu, har a 2017 aka daina karɓar sabuwar ajiya a cikinsa. Wani rumbun mai suna Pocket, wanda miliyoyin mutane suka dogara da shi, an rufe shi a watan Yuli na 2025, aka ba mutane ƴan watanni su kwashe kayansu.

Na biyu, shafuka ma suna mutuwa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa cikin shafuka 100 da suke intanet a 2013, guda 38 ba a samun su bayan shekara goma. Akwai wata ma'ajiya mai suna Internet Archive da take adana kwafin tsofaffin shafuka tun 1996, wani lokaci a dace a samu a can, amma ba kullum ba. Saboda haka abin da ya zama dole gare ka, sauke shi cikin salula, ko ka ɗauki hotonsa. Wannan zai taimake ka a daji inda babu rezo. Mafi inganci kuma, ka kwafe gundarin maganar a kaye da bik. Salula tana faɗawa rijiya, ana sace ta, kaye kuwa ba ya bukatar caji.

Na uku, ajiyar taro kasuwa ce, idanu da yawa. Kada ka zuba hoton katin shaidarka, ko maganar kuɗin da ka samu a kasuwa, ko inda garkenka yake kwana. Halin da yankinmu yake ciki, kowa ya sani.

Na huɗu, ba duk abin da ke intanet ne gaskiya ba. Kafin ka fesa magani a gona ko ka yi wa dabba allura saboda abin da ka gani a salula, nuna wa malamin gona ko likitan dabbobi. Abin da ya faɗa maka, ƙara shi a rubutun gefe.

Ƴan'uwa, wani yakan ce shi bai yi nisa a karatu ba, wannan aikin ƴan boko ne. A'a. Laƙabi kalma ɗaya ce. Wanda ya iya rubuta "rijiya" da "taki" daidai, ya iya sa shaida. Yau da dare ka buɗe salularka, ka zaɓi adireshi uku da ka fi bukata, ka sa musu laƙabi da shekara. Gobe ka zo da su aji mu duba tare.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin adireshi da shafi?
2. Me ya sa laƙabi ya fi aljihu amfani?
3. Waɗanne abubuwa huɗu ake rubutawa a gefe?
4. Rubuta laƙabi biyar da suka dace da sana'arka.