Sayen Tayil da Jingar Mai Sa Shi: Wa Ke Ɗaukar Hasara In Daɓe Ya Tashi?

 

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, a shekarun nan duk wanda Allah ya buɗa wa a Dawanau ko Singa ko Kantin Kwari, in ya tashi gyaran gida ko ɗan ofishin gaban sito, to tayil zai sa. Ledar ɗaki da ake saye yadi-yadi ta koma ta masu haya, tarazo kuwa sai a tsofaffin gidaje da makarantu. Amma ƙorafi ya yi yawa a kan wannan ciniki, har ya zama da wuya a zauna a rumfa bayan la'asar ba a ji wani yana kukan an cuce shi ba. Na saurari irin waɗannan labarai da dama, na kuma lura kusan dukkansu tushensu ɗaya ne: mutum ya ƙulla ciniki biyu, alhali yana tsammanin ɗaya ya ƙulla.

Ga yadda abin yake tafiya. Ka je Ƙofar Ruwa ko wani shagon kayan gini, ka zaɓi launi, aka yi ciniki kwali-kwali. Kana ƙirga kuɗi sai mai shago ya ce, "Alhaji, ai ina da yaro gwani, shi zai sa maka." Kai kuwa sai hankalinka ya kwanta, ka ɗauka wanda ya sayar shi ne zai tsaya wa aikin. To galibi yaron nan ba yaron shago ba ne, mai sana'ar kansa ne da ke zama a bakin ƙofa yana jiran aiki, tsakaninsa da mai shago sai sanayya, wani lokaci da 'yar la'ada. La'ada ba abin kunya ba ce, mu da ita muke ci. Sai dai ranar da daɓe ya lalace, mai shago zai ce shi kaya ya sayar, kuma lafiya suka bar hannunsa. Mai sawa ya ce ai kayan ne na banza. Kai ka tsaya a tsakiya da rasit ɗin kwali kawai, babu takarda ko ɗaya da ta ambaci aiki.

Wani abokin zamanmu mai sayar da wake, a cikin hunturu aka sa masa tayil a falo. Aiki ya yi kyau a ido, ya biya duka, har ya ƙara wa yaran na abinci. Da zafin bazara ya kama a watan Afrilu, ana zaune da rana sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga, tayil guda shida sun ɗago a tsakiyar ɗaki sun yi tozo. Mutanen gida har sun fara zancen iska. Babu wata iska. Tayil da kankaren da ke ƙarƙashinsa suna buɗewa da zafi, suna tsukewa da sanyi, kuma ba daidai suke yi ba. Gwanin mai aiki yakan bar ɗan fili tsakanin tayil da tayil, ya kuma bar wani a jikin bango wanda sikatin zai rufe. Wanda ya matse su ƙam har bango, don a ce aikinsa babu layi, to ya hana su wurin motsi, sai su yi sama.

Da aka ɗaga waɗanda suka tashi sai ga abu na biyu. Maimakon a shimfiɗa kwaɓin siminti ya cika bayan tayil gaba ɗaya, an ɗora shi ne ɗangwale-ɗangwale, kusurwa huɗu da tsakiya, sauran duk rami. Wannan dabara tana rage siminti, tana sa aiki sauri, amma ƙafar kujera kaɗai ta isa ta fasa. Ga kuma iskar hunturu da ke shanye ruwan kwaɓi tun bai kama ba. Gane wannan ba ya bukatar boko: ɗauki makulli ko ƙusa ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, mai rami kuwa zai amsa maka kamar ƙwarya. Yadda ba ka karɓar buhu sai ka soka ka ga ƙwaya, haka nan kada ka sallami mai aiki sai ka ƙwanƙwasa.

A sani kuma tayil iri biyu ne. Akwai mai shan ruwa, wanda in ka ɗiga ruwa a bayansa nan take ya shige. Irinsa ana jiƙa shi kafin a sa, don kada ya zuƙe ruwan siminti. Akwai kuma mai tauri da ake ce wa foselin, wanda abin da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Shi wannan siminti da yashi kawai ba sa riƙe shi sosai, gam ɗinsa na musamman yake so, wanda ake sayarwa a buhu. Mai shago ya san wanne ya sayar maka. In bai faɗa ba ya gaza, in ya faɗa mai aiki ya ƙi bi, laifi ya koma can.

Sai maganar awo, inda aka fi cin mutane ba su sani ba. Magina da ƙafa suke auna ɗaki, tayil kuwa da sukwaya mita ake sayar da shi, wato an haɗa maka mudu da kilo a ciniki ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, sukwaya mita 13 ne da ɗan ɗori, bai kai 13 da rabi ba. Tayil mai 60 da 60, guda 4 a kwali, yana rufe mita 1.44. Ke nan kwali 10 sun rufe ɗakin, a ƙara 1 saboda yanka da fashewa, 11 ke nan, sikatin kuma lissafinsa daban. In mai aiki ya ce maka 15, tambaye shi ina 4 za su. Wani dillalin gyaɗa ya ba ni labari cewa sai da aka gama aiki ƙaninsa ya ga kwalaye uku a bayan a-daidaita-sahu, an mai da su kasuwa. Shi ya sa bai kamata wanda zai ci la'ada a kan yawan kwali ya zama shi kaɗai ne mai awo ba. Tef ba shi da tsada, kuma kowane gida akwai ɗan makaranta.

Kishiyar wannan ita ma tana faruwa. Wani ya matse hannu ya sayi abin da bai isa ba, bayan mako biyu ya koma a cika masa, aka ba shi mai suna ɗaya da zane ɗaya, amma da aka shimfiɗa sai rabin ɗaki ya fi rabi haske. Ba lalle ha'inci ba ne. Kowane gashi na tayil yana fita da ɗan bambancin launi, wani lokaci har da na girma, kamar yadda dawar gona ɗaya ba ta zama ɗaya bana da bara. A jikin kwali akwai lambar gashin. A duba lambobin su zama ɗaya tun a shago, kafin a loda. Wannan ya shafi na waje, na Sin da Indiya da Sifen da Italiya, ya kuma shafi na gida da ake yi a Ajaokuta ta jihar Kogi da masana'antun jihar Ogun, waɗanda mutane suka ƙara komawa gare su tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kayan waje suka yi tsada.

To a shari'a wa ke da alhaki? Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe. Sayen kwali bai'i ne, ɗaukar mai sawa ijara ce, kowanne da hukuncinsa. Wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi ya mayar. Amma in kayan ya riga ya canja a hannunsa, kamar tayil da aka yanka aka liƙa, to magana ta fi komawa ga rage kuɗi gwargwadon aibin. Saboda haka a buɗe kwalaye tun ba a kwaɓa siminti ba, a haɗa guda biyu fuska da fuska a ga ko sun lanƙwasa. Game da mai sana'a kuwa, wanda ya tafi da kayanka wurinsa, kamar tela ko marini, shi ake lamuntarwa in sun salwanta. Wanda ya zo gidanka ya yi aiki ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka umarce shi. Ɗangwalen siminti sakaci ne babu ja. Wahalar ita ce tabbatarwa bayan wata huɗu, ga shi kuma ya ci kuɗin, watakila ma yana Abuja wani aikin.

Mazhabarmu ta halatta a haɗa saye da ijara a ƙulli ɗaya in an san farashi an san aiki, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga ɗan kasuwa wanda ba shi da lokacin tsayawa kan ma'aikata. Na san wani mai sayar da masara da ya yi haka. Ya ce wa mai shago, "Ni ban san yaronka ba, kai na sani. Faɗi kuɗin mita da kaya da aiki gaba ɗaya, kai za ka biya shi." Aka rubuta a bayan rasit da shaidu biyu: lambar gashi, yawan mita, wa zai kawo siminti da gam, da cewa sulusin kuɗin aiki zai zauna sai bayan mako biyu an ƙwanƙwasa. Kuɗin ya ɗan fi na maƙwabcinsa. Da aka ƙwanƙwasa aka sami guda huɗu masu rami a bakin ƙofa, mai shago da kansa ya turo aka ɓamɓare aka sake, ba a ɗaga murya ba. Mai shagon da ya ƙi wannan sharaɗi bai yi laifi ba, amma ya gaya maka ke nan cewa bai tsaya wa yaron ba, sai ka nemi naka mai aiki, ka je ka taka wani daɓen da ya yi wanda ya ga bazara ya ga damina.

Kada kuma a ɗora wa masu aiki komai. Mu ma akwai namu halin. Mutum ya sayi tayil mai tsada, ya zo kan ladan aiki ya yi ta ja kamar yana taya ƙaiƙayi, ko a ce buhu 6 na siminti ya ba da 4, ko a gama yau gobe ya sa a shigo da gado da firji. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kankaren da aka zuba jiya ba a ɗora masa tayil yau, sabon tayil kuma a ba shi ko kwana biyu ba a taka ba.

Abu ɗaya da ya shafe mu masu hatsi kai tsaye: na fara ganin wasu suna sa tayil a cikin sito kansa. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Buhu mai kilo 100 da ɗan dako zai sauke daga ka, da kura mai ƙafar ƙarfe, ba su san ado ba. Ƙwayar gero a kan tayil mai santsi kuwa sai ta kayar da ƙato da kaya a kansa. Iyayenmu mata da suke daɓe da tsakuwa da madaɓi, su zuba makuba, daɓensu ya fi wannan dacewa da hatsi. Abin da sito ke so shi ne kankare mai kauri, a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa kafin a zuba don ta tare laimar ƙasa, sa'an nan a jera katako a ɗora buhuna a kai, a kuma bar tazara tsakaninsu da bango. Tayil a bar shi a ofis inda ake ƙirga kuɗi da shimfiɗa sallaya.

In an gama aikin gida, kwalin nan ɗaya da ya rage kada a mayar, kada a bar wa mai aiki. A ajiye shi da lambarsa, domin zanen bana da wuya a same shi a kasuwa bayan shekara biyu.