Gyaran Ƙafafun Tsohuwar Golf: A Fara Da Mayar Da Ita Yadda Aka Ƙera Ta

A wurin 'yan Arewa da yawa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, ƙaramar motar nan Golf ita ce jakin gida. Ita ce mai kai yara makaranta da safe daga Agege, ta ɗauko buhun albasa daga kasuwar Mile 12 da rana. In Salla ta ƙarato kuma a labta mata kaya a nufi gida, tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Kano. Galibin waɗannan motoci sun ba shekara 25 baya, domin Golf 2 ta fito ne a 1983, Golf 3 kuwa a 1991, kuma yawancinsu sai da suka gama aikinsu a Turai kana suka shigo ta tashar Apapa ko ta Kwatano da sunan tokumbo.

Injin irin wannan mota yana da juriya. Abin da kan riga gajiya shi ne abin da makanikai ke kira ƙafafu, watau dukan ƙarafa da robobin da ke tsakanin taya da jikin mota. Ran da mota ta soma ƙara a cikin rami, ko gindinta ya soma dukan ƙasa, sai masu shawara su yi yawa. Wani ya ce a ɗaga ta, wani ya ce a sa mata sifirin na babbar mota. Amma ga motar da ake hawa kullum, gyaran da ya fi amfani shi ne a mayar da ƙafafun yadda kamfani ya ƙera su, da kaya masu kyau. In akwai ƙari, to ya zama ɗan kaɗan ne, kuma daga baya.

AIKIN KOWANE ƘARFE

Mutane da dama suna zaton shok ne ke ɗauke da nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauke da shi, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke lanƙwashewa in taya ta faɗa rami. Aikin shok shi ne ya hana sifirin ɗin ci gaba da lilo bayan an wuce ramin. A cikinsa akwai mai da ake matsewa ta wasu 'yan ƙananan kafofi, wannan matsi shi ke kashe lilon, ya danne taya a kan kwalta. Saboda haka in mota ta zauna ta yi ƙasa, sifirin ne ya gaji. In kuwa tana rawa kamar kwalekwale, shok ne ya mutu.

A gaban Golf, shok da sifirin a haɗe suke wuri guda, an ɗaure su ta sama da wata roba mai kauri, ta ƙasa kuma akwai hannu mai robobi biyu da ake kira bushin, da wani gwiwa mai juyawa da ake kira bol joyin. A baya akwai dogon ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin biyu, shi ma a kan bushin yake rataye. Robobin nan su ne zafin rana da ruwan damina na Kurmi suka fi ci, kuma sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa shok daga gare su take fitowa.

Mataccen shok ba jin daɗin tafiya kaɗai yake ragewa ba. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa, birki kuwa ba ya kama abin da ke sama. Direban da ya taka birki da ƙarfi a hanyar Ikko zuwa Badun cikin ruwan sama, ga tanka a gabansa, shi zai san bambancin, domin motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Mai mota yana iya dubawa da kansa. Ya leƙa jikin shok, in ya jiƙe da mai, ya ƙare. Ya danna kusurwar mota da ƙarfi ya saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, alama ce. Ya shafa taya da hannu, in ta ci tudu da kwari, tsalle take yi a hanya.

HANYOYI BIYU NA ASARA

Hanya ta farko ita ce ta samari masu son mota ta kwanta ƙasa kamar ta tsere. Sukan sa gajeren sifirin mai tauri, wasu ma su yanke na asali. Wannan ado an yi shi ne domin titunan Jamus masu santsi. A unguwar da ke cike da ramuka da tudun rage gudu, abin da zai biyo baya shi ne fashewar kaskon man inji da karyewar salansa.

Hanya ta biyu ta fi yawa a tsakanin masu ɗaukar kaya. Ana cusa ƙarfe ko roba mai kauri a kan sifirin, ko a sa dogon sifirin na wata mota, har Golf ta miƙe kamar jif. Da farko abin yakan burge. Amma Golf da tayoyin gaba take ja, kuma in an ɗaga ta da yawa sai shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa taya ya karkace fiye da kima, robarsa ta yage, yashi ya shiga. Shok ma yakan miƙe har ƙarshensa, ya riƙa bugawa. Bugu da ƙari, doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana.

Akwai kuma wani haɗari da ba kowa ya sani ba. Golf 2 da Golf 3 da yawa suna da wata 'yar na'ura a jikin ƙarfen baya, wadda ke auna yadda bayan mota ya zauna, ta ƙara ko ta rage ƙarfin birkin baya gwargwadon kaya. In aka sauya tsayin baya ba a sake daidaita ta ba, sai ta yi awo ba daidai ba, birkin baya ya raunana a lokacin da mota ke cike da mutane.

Shi kansa kamfanin Volkswagen yana yin ƙafafu na musamman domin ƙasashe masu munanan hanyoyi, kuma ɗagawar da suke yi ba ta wuce kamar santimita 2 ba. Wannan ita ce iyakar da ya kamata mai hankali ya tsaya.

YADDA AIKIN ZAI BI

A fara da bushin da bol joyin da tayarod, domin sabon shok a kan ruɓaɓɓiyar roba zubar da kuɗi ne. Sa'an nan shok, kuma biyu biyu ake sauyawa, na gaba tare, na baya tare. In aka sa sabo a dama aka bar tsoho a hagu, mota za ta riƙa fizga gefe guda in an taka birki. A lokacin da aka kwance shok, a sauya robar samansa da robar da ke tare ƙura, tunda kuɗin aikin ɗaya ne. Shok mai iskar gas ya fi mai zallan mai jure doguwar tafiya a hanya mai gargada, saboda man cikinsa ba ya saurin yin kumfa in ya yi zafi.

Game da sifirin, kamfani yakan ɗiga masa fenti mai launi domin a gane ƙarfinsa, saboda na motar dizal da na mai babban inji sun fi tauri. A nemi mai launi irin na wanda aka cire. Mai yawan ɗaukar kaya yana iya sa wanda ya ɗara shi ƙarfi da mataki guda a baya, ba fiye ba. Kada a yarda makaniki ya kwance sifirin na gaba ba tare da ƙarfen matse shi ba, domin in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fasa fuska. Kusoshin bushin kuma sai an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta kana a ɗaure su tamau, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga ƙarshe a kai ta wurin daidaita tayoyi, watau alaimen. Wanda ya ƙi wannan, sabuwar tayarsa za ta cinye gefe guda cikin 'yan watanni.

A KASUWA

Ko a Ladipo ta Mushin ne, ko Agodi Gate ta Badun, ko Nkpor kusa da Anacha, kayan Golf ba su da wuyar samu. Wuyar ita ce rarrabe na kirki. Akwai tsohon shok da ake hudawa a ɗura masa mai, a toshe, a fesa fenti, a sayar da sunan na Beljiyam. A duba jikinsa ko akwai tabon walda. A danna sandarsa da hannu, mai kyau yana shiga da nauyi ba tare da wani wuri da ya zarce a sake ba, mai gas kuma yana dawowa da kansa. Sachs da Boge da Bilstein da Monroe da KYB sanannun sunaye ne, amma su ma ana buga na jabu, saboda haka a karɓi rasit, a kuma yi sharaɗin mayarwa. Araha dai ba ta ado.

Duk wannan gyara ba ya ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Abin da aka ƙera Golf ta ɗauka wajen kilo 500 ne, har da direba. Manya 5 masu kilo 70 kowannensu sun kai kilo 350, in aka ƙara buhu 2 masu kilo 100, an riga an wuce iyaka. Kayan da suka yi yawa gara a ba motocin haya da ke lodi zuwa Arewa.

Wanda ke shirin tafiya gida da iyali, ya yi aikin tun da sauran makonni, ya yi ta hawa a gari domin in akwai kusar da ta saki a gane a ɗaure. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.