Tsare Yara Daga Sharrin Waya

Maigida, ka san yadda allurar rigakafi ke tsare yaro daga ƙyanda. To, wayar hannu ma tana da nata ciwo. A Batsari ko Safana, yaro yakan ɗauki wayarka, baƙo ya yi masa zance ta intanet. Wani ya aiko masa hoton batsa, wani ya tambaye shi inda shanunku suke kwana.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, tana karɓar kuɗi kowace shekara daga kamfanonin waya, cikin cinikin katin da kake saye. Saboda haka aikinta naka ne. Ga lambobinta na kyauta:

112, idan akwai haɗari.
622, idan kamfanin waya ya ƙi jin kukanka.
2442, aika STOP a tsai da saƙonnin talla.

Kuma dokar 2015 ta tanadi ɗauri ga mai yaudarar yaro ta intanet don lalata.

Amma hukuma ba ta kwana a ɗakinka. Kada yaro ya taɓa waya sai a gabanka. In ya gaya maka abin da ya gani, kada ka doke shi, don gobe zai ɓoye. Rigakafi ya fi magani.