Robbinsville: Garin mutumin da aka kora ya dawo gida da ƙafa

Idan ka buɗe taswirar Amurka a wayarka, sai ka matso da ita sosai kafin ka ga Robbinsville. Ƙaramin gari ne a cikin duwatsun yammacin jihar North Carolina, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Amma a wannan ɗan garin ne kabarin Junaluska yake, ɗaya daga cikin shugabannin ƙabilar Cherokee, waɗanda suke zaune a yankin tun kafin Turawa su iso.

Labarinsa akwai ban takaici. A shekarar 1814, Junaluska da mayaƙan Cherokee sun taimaka wa Janar Andrew Jackson ya ci yaƙin Horseshoe Bend, har ma ana ba da labarin cewa shi ne ya ceci ran Jackson a ranar. To, da Jackson ya zama shugaban ƙasa, shi ne ya sa hannu a dokar 1830 da ta buɗe ƙofar kwashe ƴan asalin ƙasar daga gidajensu zuwa yamma. Kun ga sakayya ke nan.

A 1838 sojoji suka tattara ƴan Cherokee kimanin 16,000, aka tasa ƙeyarsu zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Sanyi da yunwa da cututtuka sun kashe kusan 4,000, shi ya sa ake kiran tafiyar Hanyar Hawaye. Junaluska na cikin waɗanda aka kora, amma bai haƙura ba. Bayan wasu shekaru ya kamo hanya da ƙafa ya dawo. A 1847 majalisar jihar ta amince da shi a matsayin ɗan ƙasa, ta ba shi eka 337 a inda Robbinsville take yanzu.

Ba shi kaɗai ba ne. Wasu iyalai sun ɓuya a cikin duwatsu, wasu sun dawo daga baya. Jikokinsu na nan a Snowbird, wata ƴar ƙaramar al'umma kusa da garin, wadda aka san ta da riƙon harshe da al'ada.

Yanzu fa gwagwarmayar ta koma kan harshen. An daɗe ana hukunta yaran Cherokee a makarantun kwana idan suka yi yarensu, sai iyaye da yawa suka daina koya wa ƴaƴansu. A 2019 shugabannin ƙabilar suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan harshen, domin waɗanda suka iya shi sosai kimanin 2,000 ne kawai, kuma galibi tsofaffi ne.

Abin mamakin shi ne harshen yana da rubutunsa na kansa tun 1821, wanda wani mutum mai suna Sequoyah ya ƙirƙiro, mai alamomi 85. Tun 2010 ana iya rubuta shi a iPhone. Ashe samun madannai a waya bai isa ya raya harshe ba, sai an samu masu yin hira da shi. Shi ya sa ƙabilar ta buɗe makarantar New Kituwah, inda ake koyar da ƙananan yara da harshen Cherokee, don ya koma bakin yara tun waɗanda za su gyara musu kuskure suna raye.